Hawan Jini Da Dattawan Mata A Zangon Agege

A Zangon Agege, in dattijuwa mai tuwo ta koka da jiri, sai a ce hayaniyar Ikko ce. Wani lokaci kuwa hawan jini ne.

Likitoci sun ce muddin mace tana haila, jikinta yana fitar da wani sinadari, istirojin, mai sassauta jijiyoyin jini. Da haila ta ɗauke, wajen shekara 50, sai ya ragu, jijiyoyi su yi tauri, gishirin miya ya fara yi mata illa. In ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce.

Awon jini ba wuya a Babban Asibitin Orile-Agege. In ya riƙa kai 140 bisa 90, sai magani.