Ƙwayar Kwanan Zaune

Sati biyu kafin jarrabawa makarantarmu takan sauya kama. Ɗakunan lakca da suke zama wayam da zarar an yi magariba sai su cika maƙil har asuba, kowa da ƙullin takardunsa da 'yar fitilar caji. Mai shayin bakin get ba ya tashi sai an yi kiran assalatu, mai goro ma kasuwarsa ta buɗe. Akwai kuma wani ɗan kasuwar da ba ya kafa tebur, hajarsa a aljihu take, kuma ɗalibai sun fi mu malamai sanin inda yake tsayawa. Na daɗe ina koyarwa a wata babbar makaranta a Kano, kuma a cikin waɗannan makonni na kwanan zaune ne na fi ganin mafarin abin da daga baya iyaye za su zo ofis suna share hawaye a kansa.

Abin da mutanen gari suka ɗauka shi ne ɗan ƙwaya yaro ne lalatacce tun asali, mai neman holewa. Akwai irinsu, ban musa ba. Amma yawancin waɗanda suka zauna a gabana suka buɗe baki, ba ta ƙofar nishaɗi suka shiga ba. Wani barci yake so ya kora domin kwasa-kwasai sun taru masa. Wani kuma barcin yake nema, ya yi makonni idonsa biyu yana tunanin kuɗin rajista. Wata gabanta ke faɗuwa duk sanda aka ce ta tashi ta yi bayani a gaban aji. Sai aboki ko ƙawa su miƙo wani abu, da kalmar da kusan ba ta canzawa: "Gwada wannan, magani ne." Kuma ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya, domin yawancin abubuwan nan a kantin magani aka san su.

Tiramol, wato tramadol, maganin ciwo ne mai ƙarfi, ɗan gidan su mofin. Abin da hukuma ta amince a sayar a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da mai 100, shi ma da takardar likita. Wanda ke yawo a aljihun yara kuwa mai 200 ne ko 225, har da 250, galibi ta ɓarauniyar hanya ya shigo daga Indiya. Likitoci ba sa yarda babba ya haura miligiram 400 a yini, saboda daga nan haɗarin faɗuwa irin ta farfaɗiya yake ƙaruwa. Ɗalibin da ya haɗiyi biyu masu 225 a tashi ɗaya ya riga ya tsallake wannan iyaka tun kafin ya buɗe littafi. Na ga yaro ya zube a ɗakin jarrabawa yana kakkafewa, kumfa a baki, abokansa na ta tofa masa addu'a suna cewa iska ce ta taɓa shi. Wanda ke kusa da shi ne ya raɗa mini, "Malam, jiya ja ya sha." Ƙwayar yake nufi.

Abin takaicin shi ne karatun ma ba ya zama. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka zuba mata da rana. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana jin kansa garau, yana ganin ya haddace komai, amma da an raba takarda sai ya tarar kan fayau. Daga nan sai faɗuwa, sai kwas ya maimaitu, sai damuwar ta ninku, sai a ƙara yawan abin da ake sha. An gudu ba a tsira ba.

'Yan mata kuwa kwalba suka fi ɗauka. Maganin tari mai kodin ba ya wari kamar taba, ba ya jan ido kamar wiwi, kuma idan aka juye shi a robar lemo babu mai tambaya. Hanta ce ke mayar da kodin ya zama mofin a jiki, shi ne yake kawo wannan lumshewar ido da jan magana da suke kira natsuwa. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da fim a kan yadda maganin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, washegari Ministan Lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya sanar da hana yin sa da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, amma masu sha ba su warke ba. Da yawa sun koma kan roci da D5 da Exol. Roci da D5 magungunan sa barci ne da kwantar da fargaba, kuma haɗa su da kodin ko tiramol na iya rage numfashi har mutum ya kwanta bai tashi ba. Exol kuwa an yi shi ne domin masu ciwon karkarwar jiki da masu shan wasu magungunan ƙwaƙwalwa. Lafiyayye idan ya ɗirka sai ruɗewa da mantuwa da gane-gane.

Babbar ƙidayar da muke da ita ita ce wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, aka fitar a farkon 2019. Ta nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abu mai bugarwa a shekarar da ta gabaci binciken, ban da taba da giya. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce, amma a maganin tari mata sun yi kafaɗa da kafaɗa da maza. A Kano kashi 16 cikin 100 ne, sama da mutum miliyan 1. Lambar da ta fi tsaya mini a rai ƙarama ce: 19, matsakaicin shekarun fara shan wiwi. Shekarun ɗan aji ɗaya ko aji biyu kenan a wurinmu, yaron da karon farko ya kwana a inda babu mai tambayarsa ina ya je.

Waɗannan shekarun na da muhimmanci saboda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren da ke goshi, mai auna abu kafin a aikata, shi ne na ƙarshen kammaluwa. Abin da aka saba mata da shi a wannan tsakani yana kama ta fiye da yadda zai kama ɗan arba'in.

Taba ita ce aka raina, kuma ita ce ƙofar da aka fi bi. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma je ka wurin kowane mai tireda a bayan makaranta ka ce a ba ka kara ɗaya ka ga ko zai tambaye ka shekarunka. Ɗalibi zai ce maka sigari na kwantar masa da hankali. Abin da ke faruwa shi ne nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan, ya kuma janye da wuri, janyewar tasa ce ke kawo ƙunci da saurin fushi, sai karan gaba ya ɗauke ƙuncin da na baya ya haddasa. Cin bashi ne a biya bashi, kullum uwar kuɗin na nan. Shisha kuma ta zo da ƙamshin tuffa da na'ana'a, ta shiga ɗakunan 'yan mata da gidajen biki inda sigari ba zai taɓa shiga ba. Wai ruwan tulun yana tace dafin. Ba ya tacewa. Tun 2005 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa guda na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya kai na kara 100 ko fiye, ga kuma iskar gawayi mai guba a kai.

Wiwi ce ta fi kai yaranmu asibitin ƙwaƙwalwa a idona, musamman irin na yanzu da suke kira laud da kolos, waɗanda ƙarfinsu ya ninka na ganyen da aka sani a da. Kolos ma sau da yawa sinadari ne aka fesa wa ganye. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Brazil, ya gano masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau 3 wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau 5. Ba kowa ne zai zauce ba, shi ya sa yaro zai nuna maka abokinsa ya ce ai wane shekararsa nawa yana sha lafiya lau. Sai dai wanda ke da ciwon a dangi, ko ya fara da ƙuruciya, shi ne a bakin rami. Yakan fara da janye jiki daga mutane, ya daina wanka, ya ce 'yan ɗakinsu da shi suke idan suna dariya, ya ce ana bibiyar wayarsa. Daga baya sai jin muryoyi.

A nan ne gida yakan yi kuskuren karatu. Uba ya ce iskanci ne, a ci masa mutunci ya dawo hanya. Uwa ta ce sammu ne, an ga ɗanta zai zama wani abu. Wata uwa ta taɓa ce mini, "Malam, yaron nan ko ƙuda ba ya kashewa, hannu aka sa masa." Ban yi mata gardama a kan addu'a ba, ni ma ina yi. Na dai roƙe ta, "Hajiya, a haɗa da asibiti, kuma a yi yau." Watannin da ake ɓatawa ana zagaye kafin a ga likita suna da tsada, domin irin wannan ciwo gwargwadon saurin kama shi gwargwadon sauƙin da ake samu. Mafi muni shi ne gidan mari. Kowa ya tuna Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, wata guda bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Sarƙa na hana hannu kaiwa ga ƙwaya na ɗan lokaci, amma ba ta taɓa abin da ya sa aka nemi ƙwayar. Kuma yanke wa wanda ya saba da roci ko D5 sha rana ɗaya, ba tare da kulawar likita ba, na iya jefa shi cikin farfaɗiya.

Ba na ɗora wa iyaye laifin duka, domin ina za su je? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Asibitocin da aka sani a Arewa ana iya ƙirga su da yatsu: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Sunan Dawanau kansa ya zama abin zolaya a bakin yara, to wace budurwa ce za ta yarda a gan ta a layin? Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa.

Mu ma makarantu da namu. Dokarmu a kan wanda aka kama da ƙwaya gajeriya ce: kwamiti, sannan kora. Ofishin ba da shawara kuwa, a inda yake akwai shi, sau da yawa ɗaki ne guda a lungu da ma'aikaci ɗaya ga dubban ɗalibai, kuma yaro na tsoron abin da ya faɗa a can ya isa kunnen kwamiti. Saboda haka ba mai zuwa da ƙafarsa. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa da shugaban hukumar NDLEA Buba Marwa sun amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. Ban ƙi ba, da sharaɗi. Idan sakamakon gwajin takardar kora ce, yara za su koyi dabarun kauce masa cikin zango ɗaya, waɗanda aka kama kuma mun miƙa su ga unguwa, inda dila ke jira kuma babu lakcar safe da za ta tashe su. Idan kuwa sakamakon zai kai yaro gaban ma'aikacin lafiya a asirce, a tambaye shi yaushe rabonsa da barci, wa ke biya masa kuɗin makaranta, me ke faɗar masa da gaba, a ba shi damar jingine zango ya yi jinya ya dawo kan kujerarsa, to zan fara kai 'yan ajina da kaina.