Mukullin Kwamfutar Yaro: A Hannun Wa Yake?

'Yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan sun saba sayen kwamfutar gwanjo a kasuwar Computer Village ta Ikeja, su aika wa ɗa ko ƙane mai karatu a Jami'ar Jos. Kaya kan iso lafiya. Aikin yana farawa ne ranar da yaro ya kai ta wajen masu gyara a Titin Ahmadu Bello ko kewayen Taminus, don a zuba masa manhajoji.

A nan ne allo kan dushe, wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko an yarda wannan manhaja ta yi canje-canje a cikin kwamfuta. Kamfanin Microsoft ne ya kawo tambayar tare da Windows Vista a 2007. A zamanin Windows XP kuwa, yawancin mutane da cikakken ikon mai gida suke aiki, duk abin da suka buɗe ya samu wannan iko ba sallama.

To, danna "I" ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar ta sami damar shiga ƙuryar tsarin kwamfuta ke nan, ta dasa abin da take so, har ta taɓa mai gadin da ke kama cuta. Direban firinta yana bukatar wannan izini, ba laifi. Amma manhajar sata, wadda ake kwafowa a filashi don gudun biyan kuɗi, sau da yawa sai an kashe mai gadi tukuna, sannan a ba ta ikon mai gida. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da ɓarawon da ke kwashe kalmomin sirri, har da na banki. Can kuwa kuɗin makarantar da uba ya tara da gumi ke sauka.

Ba mugunta ce ke sa mai gyara haka ba, sauri ne da layin jama'a. Sai dai kwamfutar ba tasa ba ce.

Abin da ya kamata shi ne a buɗe asusu biyu: na yau da kullum marar iko, da na mai gida mai kalmar sirri wadda yaro kaɗai ya sani. In akwatin ya fito, a duba sunan kamfanin da ya yi manhajar. In ya ce ba a san shi ba, a dakata. Don rubutu da lissafi akwai LibreOffice, kyauta ce halal.

Mai saye a Ikeja kuma ya tambaya ko kwamfutar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.