Digirin Jinya da Ranar Awo a Ƙauyukan Bakolori

A ƙauyukan da ke shan ruwan madatsar Bakolori, tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, kowane lokaci na shekara da cutar da yake kawowa ƙaramin asibiti. Tun da aka gama madatsar a 1978 shinkafa ta samu ruwa, sauro ma ya samu wurin zama. Yaran da ke iyo a magudanai suna zuwa da tsargiya. Bazara ta sanƙarau ce da ƙyanda. Damina kuwa zazzaɓi ne da amai da gudawa, sai tamowa idan rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna.

Ranar awo ce ta fi cika. Kafin hantsi mata sun jeru a benci da tabarmi, kowacce da katinta a cikin leda. Likita sai an je babban asibiti, don haka duk abin da ya shigo ƙofar nan, a hannun wadda ke bakin aiki yake.

Ga yarinya mai cikin fari, ƙafafu sun kumbura, kanta a sunkuye. Surukarta ce ke magana a madadinta: "Malama, nauyin ciki ne, maganin ciwon kai kawai za ki ba ta." Nas ɗin da ta san aikinta sai ta ce, "To Inna, bari dai in duba 'yar taki." Ta ɗaura mata abin awon jini, ta gwada fitsari, ta tambaye ta a hankali ko tana ganin hazo-hazo. Jini ya hau sosai, jijjiga na kan hanya. Yanzu fa sai shawara: a yi mata allurar magnesium sulfate, a aika a kira maigida daga gona don ya ba da izini, a samo mota, kuma a tashi kafin la'asar, saboda bayan nan ba kowane direba ne zai yarda ya hau hanyar ba.

A ganina, domin irin wannan sa'a aka kai karatun jinya jami'a. Ibadan ce ta fara ba da digirin a Najeriya a 1965, yau kuma ana yinsa a Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ABU ta Zariya da Bayero ta Kano. Shekara biyar ne, da jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozomanci ta Ƙasa, da shekarar sanin makamar aiki. Allura da ɗaura ƙarin ruwa ana koyonsu cikin watanni. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin dalili, da yadda nas za ta iya yanke hukunci ita kaɗai, da sanin inda iyakarta take ta tura gaba.

Ana koya wa ɗalibai mutunta majinyaci da riƙe sirrinsa. A nan, inda mai shara da mai gadi duk dangin masu layi ne, riƙe sirri yana nufin a rufe ƙofa kafin a faɗi sakamakon gwaji. Mutuntawa kuma ta haɗa da ungozomar gari. Ita mata ke fara kira idan naƙuda ta tashi, kuma duk nas ɗin da ta raina ta a gaban mutane, ba za ta ga mai doguwar naƙuda ba sai abu ya ɓaci. Haka batun wankan jego da kunun kanwa, waɗanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970: da lallami ake rage su, tsawa ba ta taɓa hana kaka dafa ruwa ba. Mu Musulmi kuwa aikin jinya ba baƙo ba ne a gare mu. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantin jinya a masallacin Madina, a can aka kwantar da Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Sai bincike, wanda wasu ɗalibai ke ɗauka wahalar ajin ƙarshe ce kawai. A 2010, a Anka da Bukkuyum, yara sun yi ta jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓi bai yi musu komai ba, har aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Fiye da yara 400 suka rasu. Babban littafin rajista da ke kan teburin nas, idan mai cika shi ta iya karanta shi, shi ne zai fara nuna cewa yaran unguwa guda suna zuwa da abu iri guda.

Matsalar ita ce wa zai zauna. Digirin da ya shirya nas don wannan ƙauye, shi ne kuma yake buɗe mata ƙofar Saudiyya da Ingila. Ban ga laifin wadda ta tafi ba, idan aka dubi rashin tsaron yankin. A 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, an ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun. Wanda ya fi jure zama a irin wannan wuri shi ne ɗan gari, mai uwa da ƙanne a cikin layin. An kafa jami'ar jiha a Talata Mafara a 2018, abin farin ciki ne ƙwarai, amma nas tana farawa ne daga ajin kimiyya na sakandaren 'yan mata, kuma iyayen da suka ga abin da ya faru a Jangebe ba su da saurin sake tura 'ya'yansu makarantar kwana. Idan ana son mai digiri a bencin awo na ƙauyukan nan, sai an tsare waɗannan makarantu, an ɗauki 'yan yankin karatu da tallafi, sannan an ba wadda ta dawo gida mai katanga kusa da asibiti da albashi a kan kari.