Sabuwar Ma'aikaciya Tana Bukatar Jagora

'Yan'uwa manoma, takardar shaida kaɗai ba ta ishi mai koyar da abinci mai gina jiki ba. Ga misali, awon damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya kasa santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, sai asibiti. Amma in sabuwar ma'aikaciya ta ɗaura tef ɗin awo sako-sako, sai a sallami yaro mara lafiya. Saboda haka wadda ta daɗe a aikin takan zauna kusa da ita ran awo, ta lura da hannunta, ta yi mata gyara a keɓe, ba gaban iyaye ba. In kuɗin mota ya hana jagorar zuwa ƙauyenku, ƙungiya ta fitar daga asusu. Yaranmu ne.