Kafin a kai aiki madaba'a: abin da ɗan littafi mai shafi 16 ya koya mana

Duk shekara idan Disamba ta kama ko azumi ya gabato, za ka ga mutane na zirga-zirga a gidajen buga takardu: wannan yana son kalanda mai hoton shagonsa, waccan tana son takardar liƙawa a kwalbar man gyaɗa, wani kuma littafin rasiɗi. Da yawa suna dawowa rai a ɓace, kuɗi sun tafi, aiki bai yi kyau ba. Mu ma mun taɓa shan wannan ɗaci, shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labari.

Lokacin da muke koyon tsara shafi a Yamai, kafin mu kama aikin rediyo, malaminmu ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya fitar da littafi na gaske, wanda za a riƙe a hannu. Mu huɗu muka dace da wata ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Maraɗi. Suna son ɗan littafin da za su raba a wajen baje koli, kuma suka yarda su biya daga kuɗin adashensu. Ke nan kuɗin da muka yi wasa da su, guminsu ne.

Mun tsara shafi 14 muna murna. Mai madaba'a ya duba ya ce ba a yin haka. Takarda guda idan aka ninka ta biyu, shafi 4 take bayarwa, saboda haka littafin da ake ɗinkewa a tsakiya sai dai ya zama shafi 8, 12, 16, haka dai. Muka rasa abin da za mu zuba a shafi biyun da suka rage. Shugabar ƙungiyar ce ta ce: «Ku ja mana layi kawai, mu riƙa rubuta bashi.» Daga baya waɗannan shafuka biyu su ne suka hana mutane jefar da littafin.

Sai maganar kuɗi, wadda muka san ita kuka fi son ji. Babbar na'urar bugu tana aiki da farantin ƙarfe, kowane launi da nasa. Hoto mai launi yana cin faranti huɗu: shuɗi, ja mai haske, ruwan ɗorawa da baƙi. Kuɗin faranti sau ɗaya ake biyansa, ko kofi 100 za a buga ko 1.000, shi ya sa kofi ɗaya ke yin arha idan aiki ya yi yawa. Mai son kofi 50 ko 100, gara ya nufi masu ƙaramar na'ura. Mu dai muka bar launi a bango kaɗai, ciki kuwa baƙi da fari. Lissafin takarda ma ba wuya: ƙunshi ɗaya yana da takarda 500, littafinmu yana cin takarda 4 ban da bango, kofi 500 ke nan ƙunshi 4, sai a ƙara kaɗan saboda waɗanda na'ura ke ɓatawa. Takardar nan daga waje ake shigo da ita. Manya na tuna yadda ta yi tsada bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, kuma kowa ya ga abin da ya faru a 2023 da aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Don haka idan an faɗa maka farashi, a rubuta shi tare da kwanan wata da ranar karɓar aiki.

Hotuna ma sun ba mu kunya. A fuskar kwamfuta man gyaɗa yana ƙyalli kamar zinariya, a takarda ya fito kamar ruwan kududdufi. Kwamfuta da haske take nuna launi, takarda kuwa tawada take sha. Ƙari a kan haka, hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, idan aka faɗaɗa sai ya dushe. A nemi ainihin hoton daga wayar da ta ɗauke shi.

Amma babbar ɓarna a haruffa ta zo. Hausa tana da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kamar yadda ƙa'idar rubutu ta 1999 ta tanada a nan Nijar. Mun kai aikinmu ba tare da mun mayar da shi PDF ba. Kwamfutar madaba'a ba ta da irin salon haruffan da muka zaɓa, sai duk masu ƙugiya suka koma ƴan akwatuna. Yaron da ke wurin, da kyakkyawar niyya, ya gyara da haruffan da ya sani. Aka miƙo mana kofin gwaji, abin da suke kira «bon à tirer», wato izinin bugawa. Motar Maraɗi na shirin tashi, muka leƙa hoto, muka ce ya yi, muka sa hannu.

A bango mun rubuta «Maraba da baƙinmu». Abin da ya fito sau 500 shi ne «Maraba da bakinmu».

Mun koma da faɗa, mai madaba'a ya ɗauko takardar ya nuna mana sa hannunmu, kuma gaskiya tana wurinsa. Wanda ya sa hannu a kofin gwaji ya ɗauki duk kuskuren da ke ciki. Da mun zauna minti goma, ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana bi da yatsa, da ba a kai nan ba. Hajiya, idan ba ki karanta boko, ki tafi da ɗanki ko ƴarki, a karanta miki sunan kaya, farashi, da lambar waya, a ƙirga ta a ga ta cika takwas. Masu kai aiki Kano kuma su sani can ’y suke rubutawa a madadin ƴ, sai an faɗa musu wanda ake so. A kuma kula kada farashi ya matsa bakin takarda, domin wuƙar yanka na iya tafiya da shi.

Matan nan ba su tsawata mana ba, abin da ya fi tsawa ciwo. Shugabarsu ta yi dariya ta ce: «Ƴaƴana, ai da baki ake cin ƙuli-ƙuli.» Duk da haka ba mu yarda a sake taɓa adashensu ba. Mu huɗu muka haɗa kuɗin abincinmu na wata aka sake buga bangon, ya iso Maraɗi ana gobe baje koli. Tsofaffin bangayen 500 kuwa, da su aka riƙa naɗe wa masu saye ƙuli-ƙuli har suka ƙare.