Kafin A Ba 'Yan Gwangwan Rediyon Kaka

A gidajenmu da yawa akwai tsohon akwatin rediyo a ƙarƙashin gado, ƙura ta lulluɓe shi. Ranar da 'yan gwangwan suka zo sai a ɗora shi a sikeli, ya tafi a kuɗin ƙarfe. Kafin a kai ga haka, ya kamata mu san abin da ke hannunmu.

Mu fara leƙa ta bayansa. In muka hango wasu 'yan kwalabe kamar ƙwan fitila, to mai bawul ne, tsohon yayi ke nan. Irinsa nauyi gare shi, kuma sai ya ɗauki zafi kafin ya yi magana. Masu taransisto daga baya suka zo, na farkonsu ya shiga kasuwa a Amurka a 1954. Mu duba fuskarsa kuma: wasu na Turai har sunayen garuruwa suke ɗauke da su, irin su Hilversum ta Holan. Sai mu rubuta sunan kamfanin, ko Philips ne ko Grundig ko Pye, da lambar samfurin. Wataƙila ma da irinsa aka saurari Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son wanda maɓallansa na asali ne, gilashinsa bai tsage ba. Fenti kuwa, duk kyansa, rage masa daraja yake yi.

Kada ɗoki ya sa mu jona shi da wuta! Kayan cikinsa sun tsufa, yana iya ƙonewa ko ya ja mutum. A fara kai shi wurin mai gyaran rediyo, dattijo in da hali.