Yadda Kwamfuta Ke Tantance Hannun Karta

A Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar sauran Zamfara, doka ta hana caca tun zuwan Shari'ar da aka ƙaddamar a Gusau a 1999. Sai dai lissafin da ke cikin karta daban yake da caca, kuma masu rubuta manhaja sun daɗe suna wasa ƙwaƙwalwa da shi.

A wasan poka, ana iya zaro kati 5 daga cikin 52 ta hanyoyi 2,598,960, amma darajojinsu 7,462 ne kacal. To, yaya kwamfuta za ta gane hannun da ya fi cikin ƙiftawar ido?

Wani mai rubuta manhaja, Kevin Suffecool, ya fito da dabara mai ban sha'awa. Ya ba kowane matakin kati lambar da ba ta rabuwa sai da kanta ko da 1, daga 2 zuwa 41. In aka ninka lambobi biyar ɗin da juna, sakamakon ba ya canzawa ko yaya aka jera katunan, kuma wani haɗin matakai ba ya bayar da irinsa. Sai kawai a duba jadawalin da ke nuna darajar kowane sakamako. Katunan da suka zo duk da alama iri ɗaya kuwa, jadawalinsu daban.

Irin waɗannan manhajoji suna nan kyauta a GitHub, kowane ɗalibi na iya karantawa ya gyara.